Gaisuwa a Bakin Rijiyar Glanum

Malam Ilya ya zo Faransa da magana ɗaya a bakinsa: da zarar 'yarsa Ramatou ta gama jarrabawar bana a jami'arsu ta Bron da ke kusa da birnin Lyon, ta tattara ta koma Tahoua. Shekara arba'in yana haƙar rijiya, bai taɓa jin wanda ya ci abinci da karatun kufai ba. Ita kuwa shekara uku take so ta ƙara a binciken tsofaffin garuruwa, kuma ba za ta zauna ba sai da albarkarsa.

Da lallashi ya ƙi ci, sai ta ari motar ƙawarta ta kai shi can kudu da Lyon, kufan Glanum, garin da aka gina da salon Girkawa sama da shekara dubu biyu da suka wuce. Ta nuna masa ginshiƙai, ya ce ko akuya ba za ta sami inuwa a nan ba. Ta nuna masa dandalin gari, ya tambayi inda zai yi azahar. Har ta fara tunanin wa za ta bar wa littattafanta.

Sai suka iso wata tsohuwar rijiya. Dattijon da tun safe yake kukan gwiwa ya miƙa mata sandarsa, ya durƙusa kamar yaro. Ya auna baki da kamu, ya bi duwatsun da yatsa, kowane ya hau kan ɗan'uwansa daram, yadda mahaifinsa ya koya masa ɗaurin rijiya. A sana'arsu kuwa ba a wuce rijiyar wani ba a gaida mai aikin ba.

"Sannu da aiki, maigida," ya faɗa cikin ramin, da ladabinsa.

Turawa masu ɗaukar hoto suka juyo. Dariya ta ƙwace wa Ramatou, ga ƙwalla a idonta. Shi ko a jikinsa, sai ma ya tambaye ta sunan mutumin.

"Ba wanda ya sani, Baba. Irin su muke nema a ƙarƙashin ƙasa."

Ya daɗe yana kallon duwatsun.

"Aiki kamar wannan, a ce ba suna? Shekara nawa kika ce?"

"Uku."

"To, yi ukun, Allah ya yi miki albarka. Amma ki riƙa haƙa a hankali, kar ki ɓata wa mutumin nan aikinsa."