Jarrabawar Sai-Gobe

Hajjo tana wanke shinkafa a rumfarta ta sayar da abinci a bakin gadar Gaya aka buga wayar ƴarta Latifa. Ɗan Hajjo, Abduljalil, ya rasu. Shekararsa biyu a ƙasar waje yana koyon aiki a ɗakin da ake sarrafa tashar lantarki ta nukiliya. An ce zazzaɓi ne, kwana huɗu a asibiti.

Hajjo ba ta yarda ba. Ta san ɗanta. Tun yana ƙarami, in ta aike shi sayen daddawa, sai miya ta nuna bai dawo ba, har ta sa masa suna Sai-Gobe. Zuciyarta ta yi ta gaya mata wani abu ne ya lalace a wurin aikin, ya tsaya nawarsa, ake ɓoye mata.

Bayan sadakar arba'in, Nazifi abokin karatunsa ya kawo jakarsa.

"Ɗana, ka ji tsoron Allah. Nawar nan tasa ce ta kashe shi?"

"Wallahi zazzaɓi ne, Inna, ina gefen gadonsa. Mu ko ɗakin gaske ba a ba mu ba tukuna. Na gwaji ake sa mu, ƙararrawa ta yi ta ihu, malamai na bayan gilashi da agogo, suna auna sakan nawa mutum ya ɗauka, kuskure nawa ya yi."

"To, a saurin na nawa ya zo?"

Nazifi ya sosa ƙeya. "Mu goma sha biyu ne. Shi ne na sha biyu."

Dariya ta ƙwace wa Hajjo, hawaye na bin kumatunta. "Ai na faɗa! Ɗan nan!"

"Amma kuskure, Inna, ko ɗaya babu a takardarsa. Sai ya nuna maɓalli da yatsa, ya kira sunansa da ƙarfi, sannan ya taɓa. Liman muke ce masa. Ni na fi kowa sauri, sau uku ina kashe famfon da ba shi ba. Shi aka zaɓa ya ja rukuninmu. Yana kwance takardar zaɓen ta fito."

Ya ciro ta daga jakar, Hajjo ta karɓe ta, ta daɗe tana shafa tambarin.

Yanzu kowace safiya, kafin ta zuba komai a tukunya, sai ta nuna gwangwanin da yatsa. "Gishiri." Sannan ta ɗiba.

Direbobin manyan motoci su ce, "Hajiya, yunwa fa!"

Ta ce, "Ku jira. Barkono."