Kwamfutar da Ta Yarda da Idonsa

Mai Hoto yana da ɗan aibi guda wanda shi da kansa ya sani: bakinsa ba ya iya furta “ban sani ba”. In aka tambaye shi hanyar unguwar da bai taɓa takawa ba, sai ya nuna gabas da cikakken tabbaci, har ya ƙara da cewa akwai gidan mai a kwanar. Matarsa ta daɗe da daina gyara shi. Amma a kan abu ɗaya ba mai yi masa musu, wato kala. Shekara ashirin da biyu yana ɗaukar hoto a shagonsa mai ƙofa ɗaya da labule uku, kuma duk wanda ya zaro hotonsa daga ambulan sai ya ce idonsa daban ne. Shi kuma ya sunkuyar da kai kamar mai jin kunya, alhali jira yake a maimaita.

Idon yana nan, ciniki ne ya tafi. Tun da waya ta shiga hannun kowa, abin da ya rage masa sai fasfo da hotunan yaye ɗalibai sau ɗaya a shekara. Wata rana daga safe har la'asar ba mai leƙowa sai mai neman canji.

Ana cikin haka yayar matarsa ta zo, wadda duk dangi ke kira Yaya. Sana'arta sayar da yadi, kuma ba ta shiga wuri don gaisuwa kawai. Ta zauna a kujerar da ake ɗaukar amare a kai, ta ɗora jaka a cinya.

“Baban yara, har yanzu kana iya tafiya, ko gwiwa ta gama aiki?”

“Yaya, ni da nake hawa bene ba na riƙe ƙarfe.”

“Gidanku ba bene,” in ji ta, ta shiga maganar da ta kawo ta.

Tafiyar kwana goma za ta yi, gari uku, rumbunan manyan diloli. Duk yadin da ta gani ya yi mata, a ɗauki hotonsa, a tura wa matan da ke saye a wurinta a ranar, su zaɓa, sannan ta saro. Wancan karon da wayarta ta ɗauka. Wata ta zaɓi ruwan toka, aka kawo mata ruwan ƙasa, ta dawo da shi da baƙar magana a kai, har yau yana jibge a ɗaki.

“Ni ba kyau nake nema ba, gaskiya nake nema. In abu fari ne ya fito fari. In ka iya, duk bayan wata biyu tare za mu riƙa tafiya, ka huta da zaman jiran masu fasfo. In kala ta yi ƙarya sau ɗaya, ka san ni, ba na sake gwadawa. Kana da laftof ai?”

“Akwai wadda nake shirin ɗaukowa,” in ji shi, wanda a yarensa yake nufin babu.

Abin da yake da shi wata ƙatuwar kwamfuta ce a ƙarƙashin tebur, mai gurnani kamar tsohon firij, da fuskarta mai kaurin ƙeya a sama. Shekara goma sha huɗu suna tare. A cikinta manhajar gyaran hoton take, wadda ya saka daga wani faifai da yake ajiya a cikin tsumma. Yatsunsa sun haddace ta, ko ido a rufe yana iya rage wa mutum ƙuraje. Ɗaukarta zuwa tasha kuwa sai da amalanke.

Ranar Asabar da safe babbar 'yarsa ta raka shi kasuwar kwamfuta. Sunan mahaifiyarsa gare ta, shi ya sa yake ce mata Mamana, ita kuma take masa faɗa yadda sunan ya ba ta dama. A ofis take aiki, ta zo da takarda ta rubuta abin da za a duba: ƙarfin ƙwaƙwalwa, girman ma'aji, nauyi, awannin batir. Shi sharaɗinsa uku ne. Kada ta wuce abin da ke aljihunsa, kada ta karya masa kafaɗa tunda jakar kyamara na ɗaya ɓangaren, kuma dole ta karɓi manhajarsa. Na huɗun bai faɗa ba, yana cikin filas, ɗan abin ajiya da ake cusa wa kwamfuta, a aljihun gaba: hoton marigayi mahaifinsa cikin farar riga, wanda ya gyara da hannunsa, ya kuma san kowace inuwa a cikinsa.

Shagon da suka shiga yana hawa na biyu, kuma Mai Hoto ya riƙe ƙarfe har sama. Wuri ne siriri, in mutum biyu za su wuce juna sai ɗaya ya haɗiye ciki. Mai shagon, wanda maƙwabta ke kira Injiniya, ya saurari bayani yana kaɗa kai, sannan ya fara sauko da kaya.

Ta farko ba ta kai littafin rubutu kauri ba, kuma kuɗinta bai tayar wa kowa hankali ba. Mai Hoto ya ɗaga ta da yatsa uku, ya ji har ya fara sonta.

“Wannan ta shiga intanet ce da rubutun 'yan makaranta,” in ji Injiniya. “Manhajarka ko sallama ta yi ba za a amsa mata ba.”

Ta biyu tana ɗaukar komai. Cajarta kaɗai ta kai rabin bulo, kuma da aka faɗi farashi sai Mai Hoto ya mayar da ita kan tebur a hankali, da hannu biyu, kamar jaririn mutane.

Ta uku matsakaiciya ce, ita ce ta yi daidai da takardar Mamana. Ya juya ta hagu, ya juya ta dama, yana neman inda ake saka faifai.

“An daina yi musu wannan ƙofar, Alhaji. Manhajar ma yanzu ba a sayar da ita gaba ɗaya. Wata-wata ake biya, ranar da ka daina ta rufe.”

“Wato haya zan kama a cikin kwamfutata?”

“Baba, akwai na kyauta, kuma suna aiki,” in ji Mamana. “Sati ɗaya ka koya.”

“Na san su,” in ji shi. Bai taɓa jin sunan ko ɗaya ba.

Injiniya mutum ne mai haƙuri da masu furfura. Ya karɓi faifan, ya kwafe shi a wata na'ura, ya gwada. A kan wata kwamfutar manhajar ta buɗe ta rufe kanta. A kan wata ta buɗe amma rubutun ya ƙanƙance kamar tururuwa. A kan ta ukun nan, bayan an danna nan an danna can, ta zauna lafiya. Mamana ta naɗe takardarta, ta ɗauka an gama.

Sai Mai Hoto ya zaro filas.

Hoton ya buɗe. Ya matso, ya ja baya, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Farar rigar mahaifinsa ta fito kamar an tsoma ta a bula an manta da ita. Fuskar tsohon ma ta yi wani sanyi, kamar wanda ya kwana a waje.

“Fuskarta ƙarya take yi,” in ji shi. “Kawo wata.”

Aka kawo wata, rigar tana nan da bularta. Aka yi ta kawowa har guda biyar, har da wadda ba ya iya saye, don dai a gani. Duk bakinsu ɗaya.

“Baba, anya ba hoton ba ne?”

“Mamana, ni na wanke wa mutumin nan wannan rigar da hannuna. Hoton yana rataye a falo, kullum kina wucewa ta gabansa. Kin taɓa ganin shuɗi?”

Ba ta taɓa gani ba.

“Amma guda biyar, Alhaji, duk su yi ƙarya iri ɗaya?” in ji Injiniya.

“Wuri ɗaya ake yi musu fuskar,” in ji Mai Hoto, wanda a wannan lokacin ya ƙirƙiri labarin, ya kuma yarda da shi nan take.

Har sun miƙe za su fita sai Injiniya ya tuna da wata a ƙasan kanta, ta hannu, da wani ya kawo musaya. Murfinta duk ƙarzuwa, maɓalli ɗaya ya fita kamar giɓi, amma tana da ƙofar faifai. Batir ɗinta yana yin awa biyu in ba a ɓata mata rai ba. Manhajar ta shiga ba gardama, kamar ta dawo gidan iyayenta. Aka buɗe hoton, riga ta fito fara sol, tsoho ya fito yadda ɗansa ya san shi.

“Wannan ita ce,” in ji Mai Hoto.

“Tsakani da Allah fuskarta ta ɗan gaji fa, Alhaji.”

“Ni ma na gaji, amma ina gani daidai.”

Ita ce mafi arha a shagon. Ya sauko da ita a hammata, kuma a hanya ya yi wa Mamana dogon bayani a kan yadda kayan zamanin da suka fi inganci. Ta ce to. Ta ce to sau shida kafin su kai gida.

Ranar Laraba Yaya ta aiko da yadi shida don gwaji: atamfa uku, shadda biyu, leshi ɗaya. Ya shimfiɗa su a gaban labule, ya haska fitila, ya ɗauka, ya zauna da laftof ya gyara su yadda ya saba, har sai da kowanne ya yi daidai da wanda ke hannunsa. Washegari da safe Mamana ta nuna masa yadda za a tura wa Yaya. Shi bai taɓa ba kowa hoto a waya ba, a wurinsa hoto abu ne da ake riƙewa a takarda. Ta kalli wayarta kafin ta danna.

“Baba...”

“Wayarki ce, kin cika mata haske. Tura, za ki makara.”

Bayan azahar ya ɗauki laftof ya tafi wurin Dogo, mai wankin hoto, don ya sanar da shi tafiyar, kuma, in za a faɗi gaskiya, don ya nuna. Dogo ne yake wanke masa duk hotunansa tun shekarar da aka daina saka fim a kyamara. Shagonsa na bayan kasuwa, ɗaki mai sanyi da warin tawada, injin ya cinye rabinsa. Mutum ne da ba ya magana sai ya gama abin da hannunsa ke yi.

Ya saurari labarin kwamfutoci biyar da suka haɗa baki. Ya dubi laftof ɗin, ya shafa giɓin maɓallin da yatsa.

“Waɗannan hotunan yadin, wa zai wanke?”

“Ba wanki. Daga nan sai wayoyin mata. Zamani ke nan, Dogo, ka fara neman wata sana'ar.”

Dogo bai yi dariya ba. Ya miƙa hannu, aka ba shi filas, ya saka a tasa kwamfutar, wadda duk wata yake daidaita fuskarta da wani ɗan abu mai kama da sabulu. Ya buɗe hoton leshin, ya juyo da fuskar.

“Me ka gani?”

“Taka ma ta kamu,” in ji Mai Hoto, amma muryar ba ta fito da ƙarfinta na kullum ba.

Dogo ya kai linzamin kwamfutar gefe, inda aka jera wasu ƙananan maɓallai, kowanne da sunansa. Na uku an rubuta masa “Mai Hoto”. Ya danna. Shuɗin ya ɗaga daga leshin gaba ɗaya.

“Wannan mene ne?”

“Naka ne. Fuskar tsohuwar kwamfutar can taka ta yi ruwan ɗorawa tun da daɗewa. Kai kana ganin abu ya yi rawaya, sai ka ƙara masa shuɗi har ya yi maka fari. Ni kuma in ya zo nan sai in cire. Da na gaji da cirewa ɗaya-ɗaya sai na yi masa maɓalli. Wannan da ka sayo ma ciwonsu ɗaya.”

“Tun yaushe?”

Dogo ya ɗaga kai yana tunani. “Shekarar da ka aurar da ƙanwarka. Sha ɗaya ke nan ko?”

“Kuma ba ka taɓa faɗa mini ba.”

“Na faɗa, sau ɗaya. Ka ce ka sani.”

Mai Hoto ya nemi wurin zama, ya samu kwalin takarda. Ya tuna hoton falo, ya tuna amaren da suka ce idonsa daban ne. Ya so ya ce dama yana zargin haka, har ya buɗe baki, sai waya ta motsa a aljihunsa. Saƙon murya ne daga Yaya, da hayaniyar kasuwa a bayansa.

“Baban yara, sannu da aiki. Na tura musu tun safe, ban ma tsaya dubawa ba, ai idonka ne. Mutum huɗu sun ce a ajiye musu leshin nan mai ruwan sararin sama, ɗaya ma ta biki ce, tana son na mutum goma. Wai wanne ne? Ni ban tuna na ba ka ba.”

Leshi ɗaya ta aiko masa, kuma fari ne.