Kofi Uku

Kafintan nan shi ya kashe mahaifinsa. Bai taɓa ɗaga masa murya ba, balle hannu. Kofi ya ɗauka ya auna masa ruwa, yadda ya saba auna katako.

Tun da tsohon ya faɗo daga tsani ya bugu a ƙeya, ƙafafunsa suka mutu, ruwa kuma ya daina zama a jikinsa. Yana sha yana fita. Likita ta zaunar da iyalin ta yi musu bayani: akwai wani ɗan mitsitsin sinadari, sarƙa ce mai zobe tara kacal, da ƙwaƙwalwa ke sakewa cikin jini. Shi yake zuwa ya gaya wa ƙoda ta riƙe ruwa. Na tsohon ya ƙafe. Ta ba su maganin fesawa a hanci da zai tsaya a madadinsa.

"In maganin ya yanke, ku bar shi ya sha iya shansa," in ji ta. "Kada kowa ya hana shi."

Inna, matar tsohon, ta gyaɗa kai. Kafinta yana bakin ƙofa, yana rigima da mai kawo masa ƙusa a waya.

Maganin ya yanke a makon da ƙanwar kafinta ta haihu da ƙyar. Kantin magani suka ce sai nan da kwana huɗu. Dole Inna ta tafi jinyar 'yarta, sai ta kawo tsohon gidan ɗan nata, aka shimfiɗa masa a ɗakin da ke manne da shagon. Tana yafa mayafi tana cewa, "Ka dai kula masa da ruwa." Shi kuwa ya ji maganar yadda ta yi masa daɗi.

Ranar farko sau biyar yana canza zanin gado. Wata mata da ta zo duba kujerunta ta toshe hanci da gefen mayafi, ta tambaya ko akuya yake kiwo. Abin ya ci masa rai. Tana fita ya ɗauke jarkar da ke gefen gadon.

"Baba, daga yau kofi uku. Safe, rana, yamma."

Tsohon ya yi dariya. "Malam kafinta, yau kuma ni ne katakon?"

"Abin da bai shiga ba ai ba zai fita ba."

"Ko kaza ta fi haka sha, ɗan nan."

"Haƙuri za ka yi. Don lafiyarka ne."

Kuma ya yarda da abin da ya faɗa, nan ne laifin nasa. Mutum ne da bai taɓa yanka katako ba daidai ba, saboda haka bai ga dalilin tambayar kowa ba.

Washegari zanin ya jiƙe kamar jiya. Maimakon ya tsorata, sai ya ce tsohon satar sha yake yi, ya ɗauke har butar alwala. Matar kafinta ta leƙo shagon.

"Maigida, leɓen Baba duk ya tsage fa."

"Ke ce likitar?"

Ta koma. Tsohon ya riƙa buga bango da sandarsa, ƙarar zarto tana danne bugun. Da kafinta ya shiga da kofin rana, tsohon ya shanye, ya lashe bakin kofin, ya riƙe masa hannun riga.

"Ko tsumma ka jiƙa min in tsotsa."

"Saura awa huɗu, Baba."

A rana ta uku bango ya yi shiru. Kafinta ya ce a ransa tsohon ya fara sabawa.

Da azahar Inna ta dawo ɗaukar kaya. Ta tarar da mijinta idanu sun faɗa, harshe ya bushe kamar fata, yana kallonta bai gane ta ba. Ihunta ne ya tsayar da zarton.

A asibiti likita ta ce jinin ya yi kauri, gishiri ya yi masa yawa. Ta juyo ga kafinta.

"Nawa yake sha a yini?"

"Uku."

"Jarka uku? Ai ya yi kaɗan."

"Kofi," in ji shi.

Inna ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. Kafin la'asar tsohon ya cika.

Ba a kai kafinta kotu ba, Inna kuma ba ta yi masa baki ba. Shekara goma sha ɗaya ta yi bayan mijinta. Tana zuwa gidansa, tana amsa gaisuwarsa, tana goya 'ya'yansa. In ya kawo mata ruwa sai ta ce, "Na sha a gida." A jinyarta ta ƙarshe, da leɓenta ya bushe, ya durƙusa ya miƙa mata a cokali. Ta juya fuskarta bango. Sai da ƙanwarsa ta karɓi cokalin sannan ta buɗe baki.