Muryar Gwaji

Bishir ya rasu bai ga ranar ƙaddamarwa ba. Manhajar waya yake haɗa wa manoma, shi da wani abokin aikinsa ɗan Mozambik da suka haɗu a intanet. Kana danna hoton gero ko wake, murya za ta gaya maka lokacin shuka da na zuba taki. Da yake ba a kai ga ɗauko mai karantawa ba, muryarsa ya sa a ta Hausar.

Matarsa Ummusalma ta riƙe kalmomin aikin, don kullum a bakinsa suke. Matakin gwaji beta ne, da Turanci da Fotugis duk ɗaya. Sakin abu ga jama'a kuwa, Turanci ya ce launch, abokin ya ce lançamento, Bishir ya riƙa jan ƙarshen kalmar har sai ta yi dariya. Ya kuma taɓa gaya mata cewa in ranar ta zo, sabuwar za ta hau kan ta gwajin ta shafe ta, har da muryar.

Shi ya sa tun da ta bar Kankiya ta koma gidansu a Kusada bayan takaba, ba ta ƙara kunna data a wayarsa ba. Ɗiyarsu Zahra, wadda bakinta bai gama buɗewa ba, da ta tashi da safe sai ta danna gero.

"Manomi, barka da aiki," in ji muryar.

Ita kuma ta ce, "Baba, ina kwana."

Da saƙon tes na abokin ya shigo, lançamento kawai ta gane a ciki. Ta yi wa mamacin addu'a, ta kife wayar.

Ranar kasuwa babu wuta, ta ba yayanta Idi wayar ya kai caji wurin Ɗanmaliki, ta ja masa kunne kar a taɓa komai. Idi ya miƙa wayar kawai, ya wuce kasuwar awaki.

Da la'asar Ɗanmaliki ya kawo ta da kansa, yana fara'a daga zaure. "Maman Zahra, ai na gane wayar marigayi ce. Na ga komai na ciki ya tsufa, na jona ta da tawa na sabunta maki su duka. Sadaka na yi, Allah ya kai ladan kabarinshi."

Ummusalma ta dubi fuskarsa, ta karɓi wayar. "Amin. An gode, Ɗanmaliki."

Zahra ta riga ta fizge wayar. Ta danna gero, wata mace mai zaƙin murya ta ce, "Barka da zuwa." Ta danna wake, macen ce dai.

"Umma, ina Baba?"

Ummusalma ta ɗora ta a cinya, ta zare wayar a hankali ta tura ƙarƙashin tabarma. Ta kai baki kunnen yarinyar, ta ƙara wa muryarta kauri iyakar iyawarta.

"Manomi, barka da aiki."

Zahra ta juyo ta daɗe tana kallonta.

"Ba shi ba ne," ta ce, ta sauka tana ɗaga tabarmar.