Saukar da Motar Yaya

Tun da Auta ya buɗe garejinsa, yayansa bai taɓa kawo masa mota ba, ko da iska za a ƙara wa taya. Shi Yaya mutumin ofis ne. In suka haɗu a gidan Inna, uwarsu, da ƙyar yake miƙa wa Auta hannu, wai kar baƙin mai ya ɓata masa riga. Shi ya sa ranar da ya shigo garejin da ƙaton kwali a bayan mota, Auta ya ji kamar an yi masa albishir da kujerar Makka.

Ƙafafu huɗu ne a kwalin, jajaye, sababbi fil. Koyiloba ake ce musu: shokazoba ne da sifirin a haɗe, da wani zobe mai zare a jiki. Ka murɗa zoben sama mota ta tashi, ka murɗa shi ƙasa ta kwanta.

"So nake ta kwanta," in ji Yaya. "Tsakanin taya da bodi kar ya wuce yatsa biyu."

"Yaya, ai waɗannan na 'yan tsere ne, tauri gare su kamar dutse. Akwai masu laushi, da ka yi mini magana kafin ka saya..."

"Shawara na zo nema?"

"To lungun Inna fa? Ko yanzu da ƙyar motar ke hawa kwalbatin bakin lungun."

Inna na fama da ciwon ƙoda, duk mako ana kai ta asibiti wankin ƙoda, kuma motar Yaya ce kaɗai mota a gidan. Ƙafafunta sun kumbura, ko tsakar gida ba ta iya ratsawa sai da dafa bango. In ta makara, wani ake ɗora wa na'urar, ita ta koma gida da ruwan a jikinta har wani zagayen.

"Na san da kwalbatin, na fi ka saninsa," in ji Yaya. "In ba za ka iya ba ka faɗa, in kai wa waɗanda suka iya. Dama abokaina sun ce kai juyen mai kawai ka sani."

Auta ba yaro ba ne, ya gane sarai. Yaya ya gaji da jigilar tsohuwa, kunyar faɗa yake ji, yana so ƙarfe ya faɗa a madadinsa. Amma mutumin da ya girma yana jiran yayansa ya ce masa "sannu da aiki" ba ya jin kira. Kwaɗayi mabuɗin wahala, ko da na yabo ne. Ya jawo jak.

Aiki kam ya yi shi, ba ƙarya. Ya kwance tsofaffin ƙafafun da suka sha tsatsa, ya wanke mazauninsu, ya shafe zaren sababbin da giris, ya ɗaure kowane noti kamar ransa ne a ciki. Ya sauke motar, ya tura ta gaba da baya don ta zauna, ya auna. Da gangan ya bar yatsa uku, ko kwalbatin zai yi wa Inna rangwame. Yaya ya tsuguna, ya zura nasa yatsun, ya ɗago ya yi masa wani kallo. Auta ya koma ya ƙara murɗawa, kunya na cinsa. Duk awon nan motar babu kowa a ciki, kuma ko a ransa bai kawo ba.

"Ashe dai ka iya," in ji Yaya, yana shafa bodin. Har ga Allah Auta ya ji daɗi, daɗin da ya hana shi cin abincin rana.

Ranar asibiti Yaya ya tsaya a bakin titi ya danna hon, Auta ya fito daga gidan Inna.

"Motar ba za ta shiga lungun ba, sai dai a fito da Inna," in ji Yaya. "In ba ka yarda ba, ka tambayi bakaniken da ya yi aikin."

Auta ya goyo Inna tun daga ɗaki, numfashinta na gurnani a kunnensa, maƙwabta na leƙe ta ƙofa. Ya zaunar da ita a kujerar baya, ya shiga kusa da ita. Nan take bayan motar ya durƙusa. Yaya na tayarwa sai ƙara ta tashi, ƙiii, taya na cin bodi, warin ƙonanniyar roba ya cika motar.

Yaya ya taka birki ya fito. Bai dubi uwarsa ba, gefen tayar ya duba, inda fenti ya ɗaye.

"Inna, sauko. Kin yi mata nauyi."

"Yaya, ni bari in sauka," in ji Auta. "Ko ka jira in ɗauko sifana in ɗaga ta, yanzun nan..."

"Ka sake taɓa mini mota? Wannan ɓarnar ba ta ishe ka ba? Ku nemi tasi."

Tasi ba ya bin wannan titin da sassafe, kuma Yaya ya sani. Inna ta lallaɓo ta sauko, tana riƙe da wuyan Auta. Kafin a rufe ƙofa ta miƙa hannu ta goge inda ta zauna da gefen mayafinta. Motar ta tafi a hankali, tana kauce wa ramuka.

Auta ya zaunar da ita a kan kwalbatin. Rana ta ɗaga, lokacin na'ura na wucewa, shi kuma yana tsaye a tsakiyar titi yana ɗaga wa kowace mota hannu, hawaye na zubo masa.

"Auta," ta kira shi, muryar da ƙyar take fita.

Ya rugo ya durƙusa a gabanta.

"Sau ɗaya yaron nan ya yarda da kai, ka ɓata masa abu." Ta tsaya ta nemi numfashi. "Bar asibitin nan. Ka bi shi ka ba shi haƙuri, kar ya yi fushi ya daina zuwa gaishe ni."