Ranar Ungozoma a Majalisa

Shekara arba'in da shida Baba Velika ba ta taɓa barin ƙauyen Brezov Dol ranar ashirin da ɗaya ga Janairu ba, domin ita ce ranar ungozoma. Tun da hantsi matan da ta karɓi haihuwarsu kan yi layi a ƙarƙashin bishiyar tuffa da ke gaban ɗakin shan magani, kowace da butarta da sabon sabulu da tawul. Sai ta miƙa hannu su zuba mata ruwa sau uku, ta wanke, ta goge, sannan ta ɗaura wa kowane yaro jan zare a wuyan hannu, ta shafa masa zuma a goshi. A da, layin kan kai har bakin gada. Bara mata huɗu ne suka zo, ƙaramar cikinsu ma ta yi jika.

Bana ba ta jira kowa ba. Ta kulle ɗakin shan maganin, ta jefa makullin a aljihun kwat, ta nufi inda motar safe ke tsayawa. A ranar ne majalisar dokokin ƙasa, can babban birni, za ta kaɗa ƙuri'a a kan sabuwar dokar lafiya, wadda ta ce duk ƙauyen da mutanensa ba su kai ɗari biyar ba za a rufe ɗakin shan maganinsa, a tattara kayan aiki a manyan asibitocin birni, a sayo sababbin motocin ɗaukar marasa lafiya. Mutanen Brezov Dol ɗari da goma sha tara ne, in an haɗa da maƙwabcinta Stoyil mai kiwon zuma, wanda rabin shekara yana wurin 'yarsa a Jamus.

Stoyil ɗin ne ya rako ta, yana ɗingishi a cikin ƙanƙara.

"Velika, yau fa ranarki ce. In matan sun zo me zan ce musu?"

"Ka miƙa musu naka hannun. Ko ba komai ya ga sabulu sau ɗaya a shekara."

"Bakinki dai bai tsufa ba." Ya cusa mata ƙaramar kwalbar zuma a jaka. "Ki kai wa ɗanki mai ɗaura taye a wuya. Ki ce masa gwiwata tana gaishe shi, tana tambayar inda za a riƙa yi mata allura."

Ɗan nata mai taye shi ne Dakta Momcil Zahariyev, shugaban kwamitin lafiya na majalisa, kuma shi ya rubuta dokar da hannunsa. Ba ita ta haife shi ba, Velika ba ta taɓa haihuwa ba. Amma ita ce ta fara ganin fuskarsa a duniya, ko da yake ƙafarsa ta fara gani.

Mota na gangarawa daga dutse, ita tana tuna waccan shekarar. Hunturunta na biyu ne a ƙauyen, ƙanƙara ta toshe hanya kwana goma sha ɗaya. Aka kawo Dafina, mahaifiyar Momcil, da tsakar rana a kan keken itace, yaro ya zo ta ƙafa. Velika ta buɗe littafin makaranta a kan taga, tana leƙawa tana aiki. Da ya fito ba numfashi, jikinsa ya yi shuɗi. Ta sa bakinta a nasa tana hurawa har ya yi ɗan kuka kamar na kyanwa. Daga wannan shekara Dafina ce kullum ta farko a layi, da farantin banitsa, wainar fulawa ta ƙasarsu, mai zafi lulluɓe da ƙyalle, cuku na tsiyaya ta gefe. Shekarar da Dafina ta rasu kuwa, Momcil da kansa ya baro jami'a ya zo ya tsaya a gurbin mahaifiyarsa, shi kaɗai namiji a cikin mata talatin, riƙe da buta, kunnuwansa sun yi ja. Matan suka yi ta tsokanarsa suna tambayarsa wata nawa ne cikin. Bai sake zuwa ba bayan nan, sai katin gaisuwa.

A ƙofar majalisa injin bincike ya yi ƙara. Mai gadi ya zaro makullin daga aljihunta, ƙaton ƙarfe mai tsawon tafin hannu, ya jujjuya shi.

"Baba, wannan na coci ne ko na kurkuku?"

"Na asibiti ne, ɗana. Ba ni abina."

Ya duba takardar izininta, ya shinshina zumar, ya nuna mata matakalar da ke kai baƙi bene.

Daga sama take kallon zauren. Ta yi zaton za ta tarar da wuri tsit kamar coci, sai ta ga rabin kujerun ba kowa, waɗanda ke nan kuma yawancinsu suna danna waya. Wata 'yar adawa mai gajeren gashi ce a kan mumbari, tana cewa an rufe wa ƙauyuka makarantu, an rufe gidajen waya, yau kuma an zo kan ɗakin magani, saura maƙabarta kawai.

"Shekara goma kuna mulki, ko bandeji kun kai musu?" wani mai tumbi ya ɗaga murya daga ɓangaren gwamnati.

"Kai dai ka yi shiru, kai da ko mura ka yi sai asibitin Vienna!"

Aka kwashe da dariya, kakakin majalisa ya yi ta kaɗa ƙararrawa. Bayanta wani ya tashi ya ce sojoji suka fi bukatar kulawa a wannan zamani, wani ya ce a'a, tituna, wani ya ce likitoci matasa duk sun gudu ƙasashen waje, a fara dawo da su tukuna. Kowa ya san abin da ƙasa ta fi bukata. Velika ta kasa kunne ko wani zai ambaci ƙanƙara, ba wanda ya ambata.

Sai aka kira Momcil. Ya yi furfura a gefen kai, amma tafiyar Dafina ce sak, kafaɗa ɗaya ta ɗan fi ɗaya sauka. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ɗaki mai ma'aunin hawan jini da kwalbar aidin ba asibiti ba ne, ya kamata a daina yaudarar tsofaffi. Ya ce mutum na mutuwa ne a cikin awa ta farko, kuma abin da ke ceto shi mota ce mai sauri da asibiti mai kayan aiki. Velika ta tsinci kanta tana gyaɗa kai, abin ya ba ta haushi. Yana cikin magana ya ɗaga ido sama, ya gan ta. Ya duba takardarsa, ya maimaita layin da ya riga ya karanta. Da ya sauka, kakaki ya ba da hutun rabin awa.

A barandar bene ya same ta. Ya sunkuya ya sumbaci hannunta ta kan safar hannu.

"Baba Velika. Da kin faɗa min ai da na turo mota."

"Ta hau ta ina? Jiya aka share hanya."

Sai a lokacin ta lura da abin da ya riƙo. Gorar ruwan da ake ajiye musu a kan tebur ce, da ɗan guntun sabulu na makewayi naɗe a takarda, da hankicinsa fari.

"Ban manta da ranar ba," ya ce. "Ba tuffa a nan, amma ga wannan." Ya nuna wata shuka a cikin ƙatuwar tukunya kusa da taga. "Miƙo hannu, Baba."

Velika ta dubi gorar. Tun da take ba ta taɓa hana kowa hannunta ba, har matar da suka yi shekara bakwai ba sa magana saboda iyakar lambu. Ta cusa hannuwanta biyu a aljihun kwat.

Fuskarsa ta sauya. "Haba, Baba. Ba a ciniki da wannan ruwan."

"Na sani. Kana tsammanin ba na jin kunya?"

"To ki ji ni. Ranar da Mama ta faɗi, awa huɗu aka yi ana jiran mota. Awa huɗu! Me ke cikin ɗakin naki ran nan? Ƙwayar ciwon kai da auduga. Da akwai motar kirki da yanzu tana nan tana yi min faɗa a kan aure. Saboda ita na rubuta dokar nan."

"Awa huɗun nan kanta a kan cinyata yake, Momcil. Ina jiƙa mata leɓe, tana kiran sunanka, ina ce mata kana hanya. Ban cece ta ba, ban ce na cece ta ba. Amma ba ta tafi ita kaɗai ba. Ka sayi motocinka, ni ma ina so. Sai dai ka gaya min, suna tashi sama ne? Bana kwana shida hanya a rufe. A kwanakin nan na ɗinke ƙafar mai saran itace, na yi wa mutum tara allurar sukari. In ka rufe, wa zai yi? Stoyil?"

Ƙararrawa ta kira su. Ya ajiye gorar da sabulun a kan taga, ya juya ya sauka, bai ko waiwayo ba.

Ta koma kujerarta tana jin hannuwanta sun yi mata nauyi. Ta tuna Dafina, ta ce a ranta da tana raye da ba ta yafe mata wannan ba. Zauren ya cika yanzu, saboda lokacin ƙuri'a ya yi. Kakaki na shirin karanta sashe na farko sai Momcil ya ɗaga hannu ya ce yana da gyara. Ya karanto daga bayan wata ambulan ta wasiƙa. Duk ƙauyen da ƙanƙara ke yanke masa hanya, ɗakin maganinsa zai zauna a buɗe daga farkon Nuwamba zuwa ƙarshen Afrilu, da ma'aikaciyar jinya mai takardar izinin aiki ta yanzu.

Ɓangaren gwamnati ya ɗauki gunaguni.

"Dakta, wane magani aka ba ka a hutun nan?" in ji mai tumbi. "Mu ma a sammana!"

"Ai ba mu tattauna wannan a jam'iyya ba!" wani ya ce daga baya.

Mai gajeren gashi ta ce rabin shekara ba komai ba ne, amma za su karɓa. Aka danna maɓallai. Velika ta ƙura wa allon ido, korayen fitilu da jajaye suna ta ƙaruwa, ba ta ma san wanne ne nata ba sai da kakaki ya ce gyara ya wuce da ƙuri'a uku. Daga nan aka zartar da dokar gaba ɗayanta.

Ba ta yi tafi ba. Ta ji kalmomin nan sarai, takardar izinin aiki ta yanzu. Tata takardar ta ƙare tun shekara takwas da suka wuce, an ƙyale ta ne kawai don ba wadda ta yarda ta hau dutsen.

Da ta fito yana tsaye a bakin tagar, ya kwance taye.

"Ba yadda zan yi in sa ki a ciki, Baba."

"Na ji. Ba kurma ba ce ni."

"Dokar za ta fara aiki ƙarshen Afrilu. Za a turo wata yarinya a Nuwamba."

"Ka turo wadda ba ta tsoron karnuka. Kuma ka gaya mata sai ta ɗaga ƙofar da gwiwa kafin makulli ya juya. Murhun kuma yana hayaƙi in iska ta taso daga gada." Ta dubi gorar. "Bari ma, ni zan nuna mata."

Ta cire safar hannunta ɗaya bayan ɗaya, ta miƙa hannuwan a kan tukunyar shukar. Ya buɗe gorar. Ruwan mai gas ne, yana ta kumfa a tsakanin yatsunta, sabulun kuma ƙamshin maganin wanke ƙasa yake yi. Ya zuba sau uku kamar yadda mahaifiyarsa ke yi, a hankali, na ƙarshen ya fi tsawo. 'Yan majalisa biyu da ke wucewa suka tsaya. Ɗayan, wani dattijo, ya ce, "Kai, ashe yau ce!" ya zaro waya ya matsa gefe yana neman lambar wata.

Velika ta goge hannu da hankicin. Ta lalubo jan zare a jaka ta ɗaura masa a saman agogo, ta buɗe kwalbar Stoyil, ta tsoma yatsa.

"Baba, 'yan jarida na jira na a ƙasa."

"Sunkuyo."

Ya sunkuyo. Ta shafa masa zumar a tsakiyar goshi, ta danƙa masa sauran kwalbar.

"Gwiwar Stoyil na gaishe ka."

Ya so ya sa direba ya kai ta har gida, ta ce motar ƙarfe uku ta ishe ta, matan nan huɗu suna can suna jira, ruwansu ya huce. A ƙofa mai gadin ya gane ta.

"Baba mai makulli! An dace?"

Ta taɓa aljihunta, ta ji ƙarfen yana nan.

"Yana wurina har ƙarshen Afrilu," ta ce, ta sa safarta ta fita.