Kadangaren da Ɗinki Ya Haɗiye

Ƙanwata, wadda duk gida muke kira Auta, ta ajiye aikin koyarwa don ta rubuta littafin yara, ta kuma zana shi da hannunta. Ni kam ban ɓoye mata ba, na ce kanta ya taɓu. Ɗakin da na ba ta a gidana ya rikice: gwangwanayen fenti a kan taga, buroshi a cikin kofin shayina, takardu shanye a igiya kamar wanki. Labarin kuwa na wani kadangare ne mai neman dutsen da zai sha hantsi. Abin da mace mai digiri ta zauna yi ke nan.

Kamfanonin buga littattafai sun yi ta maido mata da shi har na daina tambaya. Da ƙyar wata edita ta karɓa, ta sa aka ɗinka samfuri ɗaya kafin a buga. Ranar da aka kira Auta na bi ta ofishin, don in za a ji kunya a ji da ni.

An kuwa ji. Auta ta zana kowane hoto a faffaɗar takarda mai cin shafi biyu, ta dasa kadangaren a tsakiya cif, ta manta nan ne ake naɗe littafi a ɗinke. Duk inda ka buɗe ga dutse, ga rana, ga ciyawa, amma gogan naka ya nutse cikin ɗinki, sai wutsiya a hagu, ɗan baki a dama. Editar ta ce maɗaba'a ba ta jira: ko a gyara kafin ƙarshen mako, ko a ba wani littafi gurbin. Aikin da ya ci fiye da shekara ne za a sake cikin mako? Tausayin Auta ya kama ni.

Don kada in kalli fuskarta, na jawo samfurin ina juyawa. Haushi ya sa na danne shi da tafin hannu, na baje shi sosai, sai ga ido ɗaya ya leƙo daga cikin ɗinkin.

"Ga ka nan, munafuki," na ce, na juya shafi na gaba na sake dannewa.

Can na ɗago kai. Su biyun ni suke kallo, ni da na aurar da 'ya, ina farautar kadangaren takarda.

"Yaya, sake yi in gani," in ji Auta.

Auta ta zauna a teburin editar ta soke rubutunta kaf, kalmomin da ta daɗe tana gogewa tana lallaɓawa. Hoto ko ɗaya ba ta taɓa ba. Kadangare ya tashi daga mai neman dutse ya koma mai ɓuya, kowane shafi kuma tambaya ɗaya yake yi wa yaro: ina ya shiga? Editar ta yi ta gunaguni cewa ba a taɓa yin haka ba, amma na lura ita ma babban yatsanta yana cikin ɗinkin. A ƙarshe ta sa hannu, aka buga.

Bayan 'yan watanni mai kula da laburaren yara ta aiko a kira Auta. Muka tafi tare. Ta zube mana littattafan a kan tebur, fuska a murtuke: duk sun dare gida biyu, zare a waje, tsakiyar kowane shafi ya yi baƙi da dattin ƙananan yatsu. Ta ce ba ta taɓa ganin littafin da yara suka yi wa irin wannan aika-aika ba, har kokawa ake yi a kansa, don haka a kawo mata wasu, masu ɗinki mai ƙarfi.

Auta ta ɗauki wanda ya fi shan wahala ta rungume, tana dariya hawaye na zuba.

"Wannan zan iya tafiya da shi?" ta tambaya.

Matar ta ce a'a, akwai masu jiran sa a layi.